Ƙugiyar Kabo

Tun da Kabo ya sayar da bijimansa ya sayi tsohuwar a-kori-kura, amalankensa ta zama marainiya a ƙofar gida. Gyaɗa kuwa ta yi albarka bana, motar ita kaɗai ba za ta kwashe ta zuwa kasuwar Ajingi a sawu ɗaya ba. Sai ya ƙudura zai sa mata ƙugiya a baya ta ja amalanken.

Kowa a Toranke ya ce ya kai wa masu walda a Gaya. Ya je, ya ga wani yana liƙa ƙugiya a jikin bambar bayan wata mota, ya juyo abinsa.

"Shekara ashirin ina ɗaura wa shanu karkiya, Yaya," ya ce wa wansa Muzammil. "A ƙashi ake ɗora nauyi, ba a fata ba."

Hafizu maƙeri ya lanƙwasa masa ƙugiyar. Kwana uku ƙafafun Kabo kawai ake gani a ƙarƙashin mota, har ya ɗaure ta da noti huɗu a jikin babban ƙarfen da ke ɗauke da motar. Ya fito baƙi ƙirin, bakinsa har kunne.

Ranar kasuwa aka loda buhuna. Saura wanda zai zauna a kan kayan amalanke ya lura da su a hanya. Nan fa masu ba da shawara suka tuna da uzurinsu. Muzammil ma, da ya kwana lafiya lau, ciwon baya ya taso masa nan take. Kabo ya tsaya riƙe da makulli, abin ya yi masa zafi ƙwarai, don ya gane tsoron aikinsa suke yi.

Sai ga mahaifiyarsu, Inna Hure, ta fito da sandarta.

"Ku kama ni in hau."

"Haba Inna, idan ta tsinke fa?" in ji Muzammil.

"Ni na haife shi. Ko ɗan akuya ya ɗaure, sai an sa wuƙa. Kabo, ja mu je."

Ya ja. Ƙugiyar ko gezau ba ta yi ba, a yashi da gargada duka. Hawaye ya riƙa gogewa da hannun riga yana tuƙi.

Da suka isa Ajingi, Inna Hure ta ƙi sauka, sai da ya zaga bakin kasuwar da ita sau biyu.