Abin da Habila Bai Sha Ba

Na'ibi ya hau saman bene da jakar kayan aikinsa don ya duba mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ya daina sanyi, sai ya tarar da mutum zaune a 'yar inuwar tankin ruwa, ya jingina da bango, da gorar roba tsakanin gwiwoyinsa. Rana ce irin ta Jidda, wadda ko kyanwa ba ta hawa sama a cikinta.

"Malam Habila? Lafiya?"

Habila bai ɗago ba. Murfin gorar na damƙe a hannunsa. Kafin Na'ibi ya ƙarasa kusa, warin ya riga ya gaya masa abin da ke ciki. Sidiƙi ne, barasar da ake dafawa a ɓoye a masaukin leburori, fara fat kamar ruwan sha.

"Ban sha ba, Alhaji," in ji Habila, muryarsa a dishe. "Tun hantsi nake nan. In kai baki, in sauke. In kai baki, in sauke. Don Allah karɓi ka zubar. Hannuna ya ƙi."

Na'ibi ya ɗan ja da baya. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe wannan abu ba. Ga shi rabin mutanen ginin nan na unguwar Sharafiyya ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, in aka kama gora ɗaya, kowa sai ya shiga uku. Har ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga idanun mutumin sun koma rawaya, cikinsa ya taso ƙarƙashin riga, hannuwansa kuwa sun zama kamar sillen kara. Ya yi a'uziyya, ya karɓi gorar da bakin yatsu, ya tuttular a magudanar ruwan sama. Habila ya bi ruwan da kallo har ɗigon ƙarshe, kamar mai raka gawa.

"Shi ke nan," in ji Na'ibi. "Tashi mu sauka."

Ƙofarsu na kallon juna a hawa na biyu. Na'ibi haifaffen Jidda ne, iyayensa Hausawan Sudan, da gyaran mukayyif ya tsufa. Habila kuwa mutumin Tafawa Ɓalewa ne, Kirista, direban wayit, wato tankar da ke kai ruwa gidaje. Sun daɗe suna gaisuwar matakala kawai. A wannan yammaci ne, yana kurɓar shayin da Sadiyya matar Na'ibi ta aiko, ya faɗi yadda aka yi ya zo ƙasar.

A gida da burkutu ya fara, ya wuce zuwa giyar kwalba. Ta cinye masa mota, ta cinye masa mutunci, har ranar da ya tashi a bakin kwata, 'yarsa ƙarama na tsaye a kansa da kayan makaranta tana kore masa ƙuda. Ya je coci ya durƙusa, ya yi wa Allah alkawari. Ya karya. Ya sake yi, ya sake karyawa. Da ya ji ana neman direbobi a Saudiyya, sai ya ce wa matarsa Rifkatu ga ƙasar da babu giya, can zai tafi ya warke.

"Ban cika wata ba a nan aka miƙo mini ita a gorar ruwa," ya yi 'yar dariyar da ba ta da daɗin ji. "Ashe ba a Bauchi na baro ta ba. A cikina ta shigo jirgi."

Ya ce a nan ɗin ma ya sha, ya sha sosai. Daga baya ya samu wasu Kiristoci da ke haɗuwa a ɗaki ranar Juma'a suna addu'a a ɓoye, suka riƙe shi, ya daina. Shekaru ke nan ko ɗigo bai taɓa harshensa ba. Amma ba a yi wayewar gari ɗaya da bai tuna ta ba.

"To yau me ya kawo ta?"

"Likita ya ce hantar ta gama. Ba abin da za su yi. Filibus ya ji, shi ne ya kawo mini. Ya ce tunda mutuwar ce, me zan yi da ƙishi?"

Filibus ɗan garinsu ne, yana aikin gini a kudancin birni. Tare suka yi yarinta, tare suka koyi sha.

Na'ibi a ransa ya ga maganar Filibus ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, ya kuma ji kunyar wannan tunani.

"Alhaji, zan roƙe ka abu ɗaya," in ji Habila. "An gaya mini ciwon nan in ya yi nisa yana taɓa hankali. Zan iya roƙonka. Zan iya zaginka. Kada ka bari a ba ni. Yesu ya wanke ni, na sani, ba don na isa ba. Amma ba na so in je gabansa da warin nan a bakina."

"Ni Musulmi ne, ya akhi. 'Yan'uwanka na addini fa?"

"Suna aiki a gidajen mutane, Juma'a kaɗai ake sakinsu. Kai ne ƙofarka ke kallon tawa."

Na'ibi ya shafa gemu. "Na ɗauka," ya ce.

Ciwon bai yi jinkiri ba. Kafilin Habila, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, wani Abu Thamer, ya zo sau ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce zai yi masa takardar fita ya je ya mutu a gaban iyalinsa. Amma likita ya ce jikin ba zai ɗauki jirgi ba. Aka maido shi ɗaki daga asibiti da ƙunshin magani. Wata nas 'yar Filifin mai suna Lina, ɗaya daga cikin masu addu'ar Juma'a, takan biyo in ta tashi aiki ta duba shi. Sauran hidimar ta faɗo kan Na'ibi da Sadiyya. Ita ke dama kunu, shi ke ɗaga shi zuwa banɗaki, shi ke riƙe waya a gaban fuskarsa in Rifkatu ta kira tana kuka daga gida.

Ƙafafun suka kumbura har fata na ƙyalli. Ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ya sosa jikinsa har jini. Sannan hankalin ya fara yawo. Wata safiya ya kira Na'ibi da sunan wani mai sayar da burkutu a garinsu, ya ce ya zuba masa ƙwarya ɗaya.

"Ni ne Na'ibi. Ga ruwa."

Habila ya buge kofin. "Ba ruwa nake so ba! Ka san abin da nake so!"

Haka suka kwashe kwanaki. Ya yi roƙo, ya yi kuka kamar yaro, ya kama ƙafar Na'ibi yana sumbata. Da roƙo bai yi ba ya koma zagi. Ya ce masa mugu, ya ce masa mai baƙin ciki, ya zagi uwarsa da ke kabari. Sadiyya ta ji daga ɗakinta, ta tare mijinta a matakala.

"Abu Bilal, har yaushe? Mutumin nan wuta yake ci. Kai ba ɗan'uwansa ba, ba limaminsa ba."

"Amana ya ba ni."

"Wanda ya ba ka amanar ba shi ne kwance a can ba yanzu."

Shi ma abin da ke cinsa ke nan. Wane Habila zai bi, na saman bene ko na kan katifa?

Ranar Laraba da azahar Filibus ya zo, da ƙurar siminti a gashinsa da baƙar leda a hannu. Da ya ga abokinsa sai ya tsuguna ya rufe fuska. Habila ya shaƙi iska, idanunsa suka buɗe tar a kan ledar.

"Fita da ita," in ji Na'ibi.

"Baba, dubi yadda yake," Filibus ya miƙe, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. "Maganin asibiti ba ya yi masa komai. Kurɓi biyu kawai, ya samu barci. Wane Allah ne zai kama mutum da kurɓi biyu a wannan hali? Naku ko namu?"

"Ban sani ba. Abin da ya gaya mini na sani."

"Ya gaya maka yana da lafiyar magana! Ni na san shi tun muna tallar rake. Kai yaushe ka san shi?"

Na'ibi ya nuna masa ƙofa. Filibus ya kai ledar waje ya ajiye bayan tukunyar gas, ya dawo ya zauna, ya ce ya ji, ba zai ba shi ba. Da aka kira la'asar Na'ibi ya yi ta jan ƙafa, sannan ya ce wa kansa masallacin ai a bakin layi yake. Ya tafi. A cikin sallar bai san abin da liman ya yi ba, da aka sallame ko addu'a bai tsaya ba.

Tun daga matakala ya ji warin. Ya tarar da Filibus zaune a ƙasa a bakin ƙofa, gorar na kwance gefensa babu murfi, leɓensa ya fashe yana jini.

"Ka ba shi?"

"Na kai masa baki," in ji Filibus, yana kallon tayil. "Yana ta roƙona da sunan uwata. Na ɗago kansa, na kai masa. Sai ya danne haƙora. Baba, mutumin da ya wuni yana roƙo! Ya danne haƙora, ya kawar da kai, ya kai mini hannu a baki. Duk ta zube a jikinsa." Ya fashe da kuka. "Ban san inda ya samo ƙarfin ba."

Na'ibi ya tsallake shi ya shiga. Habila na kwance, rigarsa sharkaf daga wuya zuwa ciki, ɗakin ya cika da wari. Idanunsa a buɗe suke, kuma a karon farko cikin kwanakin nan akwai mutum a cikinsu. Ya sunkuyar da hanci ya shinshina ƙirjinsa. Fuskarsa ta narke.

"Alhaji. Na sha."

"Ba ka sha ba."

"Ga shi ina ji. Na sha. Ya Yesu, na sake..."

"Ka ji ni, Habila." Na'ibi ya durƙusa ya kama fuskarsa da hannu biyu. "An kai maka baki, ka ƙi. Kai ka buge ta. Je ka ga bakin Filibus."

"Tausayina kake ji."

"Wallahil azim ba ka sha ba. Yanzu na fito daga masallaci, da alwalata nake rantse maka."

Habila ya daɗe yana kallonsa. Na'ibi ya yi ta neman alamar yarda a wannan fuska mai rawaya, bai samu ba, bai kuma ga akasinta ba. Hawaye kawai ke gangarowa zuwa kunne.

"Cire mini rigar nan," ya ce daga ƙarshe.

Kayansa duk suna cikin wanki. Na'ibi ya leƙa gida ya ɗauko farin taub ɗinsa na Juma'a, wato doguwar rigar Larabawa, ya goge masa jiki da ruwan ɗumi da sabulu, ya sa masa. Ya yi masa yawa ta kafaɗa, ya matse shi ta ciki. Habila ya motsa leɓe yana addu'a da yarensu, wanda Na'ibi ba ya ji, har barci ya ɗauke shi. Bai sake magana ba. Washegari da hantsi, Lina na riƙe da hannunsa, ya cika.

Motar asibiti ta ɗauke shi. Aka ce gawar za ta jira a firji har kafili ya gama takardu, sannan a san ko a nan za a binne shi a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, ko gida za a kai. Rifkatu ta kira, tambaya ɗaya ta yi bayan ta gama kuka, ko ya sha, Na'ibi ya ba ta amsar da ya ba mijinta. Ta ce, "Na gode, Baba."

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, da tazara, don kada a lura: Lina, wasu mata biyu 'yan Habasha, wani dattijo Ba'indiye, sai Filibus a ƙarshe, kansa a ƙasa. Suka shiga ɗakin Habila suka ja ƙofa. Lina ta leƙo ta ce wa Na'ibi da Larabcinta mai karyewa za su ɗan yi waƙa, a hankali, ko akwai matsala?

"Ku yi," ya ce. "Ina nan."

Ya zauna a kan matakala inda zai ga duk mai hawowa. Ta ƙarƙashin ƙofar muryoyin suka fara fitowa ƙasa-ƙasa, kowa da harshensa. Takalmansu na warwatse a bakin ƙofa, wani kan wani. Na'ibi ya sunkuya ya jera su bibbiyu a jikin bango, ya juya bakinsu waje, sannan ya koma ya zauna.