Jiƙaƙƙen Albarushi

A Kukawa Zarami ya sayi ƙaramar bindigar, mai ƙyastu, wadda harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura mata albarushi. Ɗayan ya ishe shi. Mutum ɗaya yake nema, Haladu mai fito a wani mashigin kogin Haɗeja kusa da Kirikasamma, wanda bara ya shiga ruwa da Kolo ƙanen Zarami da kayan fataucinsa, ya fito da kayan kaɗai.

Ranar tafiya mahaifiyarsu Yakaka ta riƙe gefen rigarsa. "Kai kaɗai ka rage mini. Ka bar wa Allah." Bai bari ba. Zarami irin mutanen nan ne da idan zuciya ta ɗebe su, kunnensu toshewa yake yi. Ya zura bindigar a aljihun ƙirjin babbar rigarsa ya kama hanya.

Bayan kwanaki a hanya, da hantsi ya isa, ruwan damina ya shanye fadama har ba a hango ƙarshensa. Fiton nan ba da jirgi ake yi ba. Ƙaton masaki ne, mutum ya tuɓe rigarsa ya jefa ciki, ya riƙe bakinsa, mai fito ya tura yana iyo.

"Sannu da hanya, baƙo," in ji Haladu. "Tuɓe ka sa a masaki."

Masunta na gefe suna ɗinkin koma, nan ba wurin harbi ba ne. In kuma ya tuɓe, ya miƙa wa maƙiyi makaminsa ke nan.

"Da rigata zan shiga. Zazzaɓi nake ji."

Haladu ya dubi yadda nauyi ya rinjayar da wuyan rigar, ya ɗauka azurfa ce, ya yi murmushi.

Zarami ya san jaki ya san raƙumi, ruwa ne bai sani ba. A zatonsa ƙirjinsa zai tsaya a sama. Kafin su yi nisa ruwa ya kai masa wuya.

Da dogayen ciyayi suka kare su daga idon masunta, Haladu ya zaro wuƙa daga damtsensa. "Me ke cikin aljihun?"

"Saƙon Kolo ne."

Zarami ya zaro bindigar, ya ɗana, ya ɗora masa bakin a goshi, ya danna. Ƙyas kawai ta yi. Albarushin ya zama kunu.

Haladu ya yi dariya ya soka masa wuƙar a kafaɗa. Zarami ya juya bindigar ya rafka masa gindinta a hanci, ƙashi ya yi ƙara. Ya saki masakin ya cafki maƙogwaronsa, ya yi ta bugu yana kiran sunan ƙanensa, har haƙora suka zube, har ruwan da ke kewaye da su ya yi ja. Gawar ta sulale ƙasa. Wani daɗi ya cika shi, irin wanda rabonsa da shi tun mutuwar Kolo.

Sai ya miƙa hannu zai kama masakin, ya kamo ruwa. Ga shi can yana juyi, igiyar ruwa ta yi gaba da shi. Mutumin da zai iya kai shi gaɓa kuwa yanzun nan ya gama kashe shi. Rigar ta sha ruwa tana jansa ƙasa, kafaɗar ta ƙi ɗaguwa, tsoro ya kama shi a karon farko. Ya saki bindigar, bai rage komai ba. Ya buɗe baki zai kira Yakaka, ruwan da ya ci Kolo ya shige masa.