Hasbiyar Mai Walda

Mai Walda mutum ne da in ya yi tari a ƙofar gida, sai yaran hawa na uku su rage ƙarar talabijin. Ƙato ne, hannuwansa duk tabon tartsatsi, kuma ko gaisuwa zai yi, sai ka ce da mutumin ƙetaren titi yake magana. Amma duk wannan jijjiga a ƙasa take ƙarewa. Da ya hau rufin benen da suke haya, inda ya ƙera wa tantabarunsa keji da guntayen rodi da ragowar waya, sai ya koma wani mutum daban, kuma ba ya son kowa ya ga wannan mutumin.

Kowace tantabara da sunanta, kowane suna kuma da dalilinsa. Akwai Ƙusa, wanda tun yana ɗan shila siriri ne, duk cin da yake yi bai taɓa nunawa ba. Akwai Tsatsa mai jaja-jajan gashi. Akwai Janareto, da in ya fara gurnani sai maƙwabta sun yi magana. Waɗannan in ka tambaye shi, zai ba ka tarihinsu har ka yi nadamar tambaya. Amma in ka nuna wata fara sol mai jan zobe a kewayen ido, wadda ke sauka a kafaɗarsa ba tare da an gayyace ta ba, sai ya ɗaure fuska ya ce, "Guduma," ya canza zance.

Ƙarya yake yi, sunanta ba Guduma ba ne.

Ran da ya fara ganin matarsa, gyaran ƙofa ya kai shi gidansu. Ta leƙo ta miƙo masa ruwa tana rufe rabin fuska, don hasbiya ta fito mata, wannan ƙurjin da kan tsiro a fatar ido, ja jawur. Shi kuwa bai iya zance ba, abin da ya zo bakinsa shi ne, ai hasbiya sunan tantabarar daji ne, kuma jan idon nan shi ne kyanta. Ta yi dariya har ruwan ya zube. Daga ranar ta zama Hasbiyata. Sai aure ya zo, yara suka zo, aiki ya yi yawa, sunan ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma "ke". Da aka ƙyanƙyashe 'yar shilar nan mai jan ido, sunan ya suɓuce masa daga baki, ita kuma ta riƙe. Ba ta amsa wani kira sai shi, kuma sai an faɗe shi da 'yar siririyar murya.

To, a ɗaya gefen rufin, bayan tankin ruwa, Tela ma yana da nasa kejin. Tela ɗan firit ne, bakinsa ya fi kekensa gudu. Nasa tantabarun su ne Zare da Maɓalli da Aljihu, sai wani namiji mai kumbura wuya da ake ce wa Kwala. Wata safiya ta ranar hutu, Kwala ya yi ta kewaya farar yana rangaji, ita ko ba kunya ta bi shi har cikin keji. Tela ya sa ƙafa ya tura ƙofa.

Mai Walda ya hau da kwanon hatsi, ya duba, sai ya hango farar a kulle a kejin Tela. Da a ce duk sauran ne suka ɓace da ya haƙura, ban da ita.

"Maƙwabci, buɗe min tantabarata."

"Wacce?" in ji Tela. "Au, Leshi kake nufi? Ai tawa ce. Dubi farinta, wane mai walda ne zai iya riƙe farin abu?"

"Kai! Guduma ce, kowa ya sani."

"Wannan 'yar gayun ce Guduma? Haba maƙwabci, ka ji tsoron Allah."

Kafin ka ce kwabo rufin ya cika, don ranar wanki ce, igiyoyi duk sun sha zannuwan gado. Aka kira Mai Gadi, tsohon da ke raba rigimar gidan tun daga ta famfo har ta shara. Ya hau yana haki, ya zauna a kan bokitin da aka kife, ya saurari kowa. Sai ya ce abin ai mai sauƙi ne: a fito da ita a ɗora a kan tanki, kowa ya kira ta da sunanta, wanda ta je wa shi ne mai ita.

Tela ya fara. "Leshi! Leshi 'yar gata!" Ta karkata kai ta dube shi da ido ɗaya, ta ci gaba da gyaran gashinta. Bai ko damu ba, ya koma gefe yana murmushi. Nan Mai Walda ya gane cewa ɗan banzan nan ya daɗe yana laɓe a bayan tanki yana sauraronsa, kuma ba tantabara yake so ba, kallo yake so a yi.

Ya gyara tsayuwa ya daka tsawa, "Guduma!"

Zare da Maɓalli suka tashi a firgice, wani jariri ya fashe da kuka a hawa na biyu. Ita kuwa ko gezau.

"Guduma, zo nan!"

"Wataƙila ƙotarta ce ta fita," in ji Tela. Aka kwashe da dariya.

Mai Gadi ya ce, "Ɗana, in ba ta amsa wa kowa ba, tana komawa inda aka same ta. Ka sake gwadawa, daga wannan shi ke nan."

Kwala ya riga ya hau tankin ya fara kumbura wuya, farar kuma ta fara matsawa wajensa. Mai Walda ya juya. Ya dubi mutanen nan da suke ba shi hanya a matakala, waɗanda daga yau ba za su ƙara jin tsoron tarinsa ba. Ya dubi tsuntsuwar da ya ciyar da hannunsa tun ba ta da gashi. Ya rufe ido, ya miƙa hannu, ya matse wannan ƙatuwar murya har ta koma 'yar mitsitsiya.

"Hasbiyata... zo mana, Hasbiyata."

"Na'am?"

Daga bayan wani zanen gado amsar ta fito. Zanen ya ɗaga, sai ga matarsa, hannunta duk kumfa, ta toshe baki da bayan hannu don ita ma ba ta san lokacin da ta amsa ba. A daidai nan farar ta yi fiffike ta sauka a kafaɗarsa.

Ko Tela, da ya tanadi dariyarsa tun safe, ya rasa inda zai ajiye ta. Mai Gadi ya yi gyaran murya ya ce shi dai tunda yake bai taɓa yanke hukuncin da shaidu biyu suka amsa kira ɗaya ba, ya ɗauki bokitinsa ya sauka.

Matar ta matso ta leƙa idon tantabarar, ta daɗe tana kallon jan zoben. Sannan ta ce a hankali, "Ashe nan sunana ya koma. Ni ina ta zaton ɓata ya yi." Ta ɗauki bahonta ta sauka.

Maganar ta fi dariyar duk gidan yi masa ciwo. Ya mayar da tantabarar keji, ya zuba hatsi, ya ɗaure ƙofa da waya, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Da ya ga babu sauran abin ɗaurewa, ya bi matakala. Ya same ta a kicin ta ba shi baya tana jera kofuna. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cika ta fam, ya buɗe baki ya rufe, kamar mai koyon magana.

"Hasbiyata."

Ba ta juyo ba. "Wacce daga ciki?"

"Ta asali."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. Kafaɗunta suna rawa, bai sani ba ko dariya ce ko kuka, sai da ta juyo ya ga duka biyun ne, idanunta sun yi ja.

"Sake faɗa," ta ce. "Amma da muryar da kake yi mata."