Zumar Inna Atu

Ni dai in aka ambaci korona, ƙafar Babana ce ke faɗo min a rai.

Baba Bube manomi ne a Kebbe, ni kuwa aure ya kawo ni Tambuwal. Ciwon suga ya daɗe da kama shi, duk wata yakan hawo babur ya zo in raka shi asibiti a gwada jininsa a ba shi magani. Da annobar ta shigo sai ya ce atafau ba shi ba asibiti. Wai ya ji an ce wanda duk ya yi tari a can kulle shi ake yi. Na yi ta faɗa a waya har muryata ta dishe, tsohon nan sai dariya. "Safiyyatu, lafiya lau nike, Innarki na kula da ni."

Kula kuwa! Da damina ta kankama na gaji da jin lafiya lau, na hau kabu-kabu na sha gargadar hanyar Kebbe. Na iske shi a zaure ya rame kamar kara, ƙafa ɗaure da tsumma. Fartanya ce ta sare shi a babban yatsa, ciwon ya ƙi warkewa. Ina kwancewa na ga yatsan ya yi baƙi ƙirin. Innalillahi!

"Ke, kar ki dube ni haka," in ji Inna Atu. "Ko ƙwayar sukari ba ta shiga bakinshi ba. Na hana shi shayi, na hana shi rake." Ta shiga ɗaki ta fito da gora cike da zuma, irin ta Fulani mai kauri, tana ta washe baki. "Ga abin da ya tsare shi daga korona. Ludayi guda safe da marece, da citta da lemun tsami. Ko atishawa bai yi ba."

Wallahi na buɗe baki zan wanke ta tas, sai Baba ya kafe ni da ido ya girgiza kai. A gabana wata nas ta taɓa gaya masa zuma ba tasa ba ce. Ashe ya sani sarai yake sha. Na haɗiye maganar.

Muka sa shi a mota sai Tambuwal. Inna, da ta fi kowa tsoron asibiti, ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Likita ya duba ya gwada jini, ya ɓata rai. Ya ce yatsan dai ya tafi, ƙafar ce za a yi ƙoƙarin ceta. Manomi ba ƙafa, ina amfani? Sai ya shiga faɗa. "Me kuke ba shi? Sukari, rake, zuma, ai duk tafiyarsu ɗaya a jikin mai wannan ciwo."

"Har zuma?" Inna ta tambaya.

Likita ya juyo kanta. "Zuma kike ba shi?"

"Likita, ni ka satar ta," Baba ya yi caraf. "Ita ɓoyewa take, in ta fita in ɗiba. Kwaɗayi ne, tsufa bai raba ni da shi ba."

Likita ya yi masa tatas kamar ƙaramin yaro, shi kuwa sai "haka ne, haka ne" yake, kai a ƙasa. Mutumin da ko a kasuwa ba a ɗaga masa murya. Na ji son ubana ya cika min ƙirji.

Aka cire yatsan, Allah ya taimaka ƙafar ta tsira. Da ya farfaɗo, Inna na zaune a ƙarshen gado riƙe da diddigensa, ido ya kumbura.

"Malam, don mi ba ka faɗa min ba?"

"Atu, kullum kina daka citta kina addu'a kar in mutu in bar ki. Ranar da na fara sha, ranar na ga hankalinki ya kwanta. In ce miki mi?"

Inna ta kifa kai a kan ƙafar tana kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce a hankali, "Kuma tsakani da Allah, zumar nan akwai daɗi."

Ta ɗago tana dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Allah ya shirye ka, Malam." Ba ta saki ƙafar ba.