Ƙurar Matattu a Wando

Kwana tara da rasuwar matata Zulfiniso na koma aiki a kufai. Mutane suka yi ta magana, wai na yi gaggawa. Ni kuwa zaman gidan bai yi mini komai ba, aikin ma haka.

Shekara ashirin da shida ina haƙar kayan tarihi a tsohon birnin fataken ƙasar Sugud da ke kan tudu, sama da garin Panjakent. Da shebur na fara, yanzu wuƙa da buroshi nake riƙewa, don Malama Gulandom mai shugabantar aikin ta ce hannuna ba ya rawa. Kullum na dawo gida, Zulfiniso takan tare ni a ƙofa da tsintsiya, ta kakkaɓe mini wando tana mita: ba za a shigo mata da ƙurar matattu ɗaki ba.

Ranar da ta rasu ban ga fuskarta ba. A wajenmu da zarar rai ya fita, miji ya zama baƙo. Mata suka yi mata wanka, 'yan'uwanta maza suka sa ta a kabari, suka jera tubali a bakin ramin gefe don kada ƙasa ta taɓa ta. Ni ina tsaye a baya da hannuwa a aljihu, kamar wanda ya zo jiran mota.

Saura kwana uku a rufe aikin bana sai na ci karo da zane a bangon gidan wani falke. Mace ce, da jar riga, tana riƙe da kwano. Na bi ta daga ƙafa har haɓa. Daga nan zuwa sama, ƙasa ta manne da zanen.

"Tsaya nan, Yaya Sohibnazar," in ji Malama. "Mai sa gam ɗin da ke riƙe fenti ba zai zo ba sai baɗi. Fuskar nan in ta sha iska babu gam, ta tafi. Gobe mu mayar da ƙasa."

"To," na ce.

Kurbonali, abokin aikina tun muna da gashi a ka, ya leƙo ramin. "Tsoho, ka samo amarya an hana ka buɗe lulluɓi? Ka yi haƙuri, ta girme ka da shekara dubu da ɗoriya, shekara guda ba za ta ƙara mata komai ba."

Ya ga ban yi dariya ba, ya tuna rashin da na yi, ya koma bakin aikinsa.

Washegari da rana kowa ya tafi inuwa shan shayi. Na zauna a ramin ni da ita. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, fuskar kawai nake so in gani. Na sa bakin wuƙa sama da haɓar, na ɗaga ƙasa faɗin yatsa ɗaya. Leɓe ya fito, ja, a ɗan buɗe. Kafin in ajiye wuƙar fentin ya tattare ya zubo mini a gwiwa.

Wurin ya koma farin bango. Na daɗe ina kallonsa.

Da Malama ta dawo ta duba bangon, ta duba gwiwata. Ta san aikin hannuna, ba ta tambaya ba.

"Shekara ashirin da shida, Yaya," ta ce.

"Haka ne, Malama."

"Rufe ta. Kai kaɗai."

Na shimfiɗa ƙyalle, na tankaɗe ƙasa mai laushi, na ɗauko tsofaffin tubalan birnin na jingina su a karkace don kada nauyi ya sauka a sauran fuskar. Sai da na ɗora na ƙarshe na lura irin jeren da na yi. Kurbonali ma ya lura, don na ga ya shafa fuska da hannu biyu kamar an idar da addu'a.

Da yamma na gangaro gari. Na tsaya a ƙofar gida kamar yadda na saba, jar ƙurar tana nan a gwiwata. Tsintsiyar na jingine inda take. Na jira kaɗan, sannan na shiga da wandon a haka.