Tulun Miso na Kaka Fusae

Bana Kaka Fusae ta makara da haɗa miso, daddawarmu ta waken soya, saboda ciwon ƙugu. Sai bayan yankan shinkafa ta cika tulu biyu. Ga shi saura kwana goma Gwaggo ta zo ta tafi da ita birnin Nagoya gaba ɗaya. Abu ɗaya Kaka ta roƙa, ta sha miyar miso ɗinta na ƙarshe.

A ƙauyenmu digirin ɗumin kowace rana ake tarawa, in ya kai ɗari shida miso ya nuna. Ɗakin ajiyarmu kuwa sanyi gare shi, lissafin tafiya yake a hankali.

Yayana Masaji, mai hura wutar gidan wanka, ya ce, "Ɗari shida ai ɗari shida ne, Tsuneo. Kusa da tukunyata sittin ne. Sau goma, an gama."

Na ce, "Anya, Yaya?"

"Kai dai ɗauko tulu, sarkin nawa."

Kaka ta ce, "Ɗaya za ku ɗauka. Ɗayan ku bar mini abina."

Ranar tafiya muka buɗe na gidan wankan. Ya yi baƙi, yana warin dafaffen wake. Kaka ta lakato, ta ɗanɗana, ta goge yatsa a zane.

"Ka dafa shi, ɗan nan. Abin da ke nunar da shi rai gare shi, ka kashe."

Yaya ya ce, "Amma lissafi ya cika, Kaka."

"Ruwan wankanka digiri nawa ne?"

"Arba'in."

"In na shiga yau na shiga gobe, na yi tamanin ke nan? To tafasa mini tamanin in shiga sau ɗaya, in huta."

Yaya ya sosa ƙeya, Gwaggo ta juya baya tana dariya. Ni ma sai lokacin na gane, ashe ranaku masu ɗumi muke ƙirgawa, digirin alama ce kawai.

Kaka ta aike ni ɗakin ajiya. Na ɗauko ɗayan tulun, yana nan fari, da sauransa. Ta naɗe shi da tsohon bargonta.

Gwaggo ta ce, "Mama, gidana fa babu wuri."

"Ƙarƙashin gado akwai. Can zai ƙarasa."

A tasha ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Jirgin ƙasa ya tashi tana riƙe da shi a cinya, ta leƙo ta taga.

"Sabuwar shekara ku zo shan miya. Masaji, kai ban da taɓa murhu!"