Gyaɗar Malama Rabi

A firamaren ƙauyen su Sadiya, can bayan duwatsun Kwatarkwashi, 'yan aji shida ba su da ƙamus, ba su kuma da wanda za su yi Turanci da shi in ba Malama Rabi ba. Hadda kawai suka iya. In aka yi tambaya, sai yaro ya miƙe, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya kafa wa rufi ido, ya rero amsa.

Sadiya ta fi kowa iya wannan. Ta ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata a Gusau, saura ganawar baki. An ce duk wadda ta kasa yin hira da Turanci ba za a ɗauke ta ba.

Saura kwana uku, Malama Rabi ta kira ta. "Talk with me."

Sadiya ta miƙe, ta harɗe hannuwa. "Talk, yin magana! Talk, talked, talked!"

"Madalla, rediyon ƙauyenmu," in ji Malama tana dariya. "To ni kuma yaushe zan sa baki?"

Washegari ta zo da faifan gyaɗa, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. "Zauna ki taya ni ɓarewa, ɗiyata."

Mai ɓarar gyaɗa ba ya harɗe hannu. Malama ta tambaye ta da Turanci wa ke girki a gidansu. Sadiya ta ce Inna. Malama ta ce ita kam jiya tuwonta ƙonewa ya yi.

"Why?" Kalmar ta kuɓuce wa Sadiya, ta yi maza ta rufe baki.

"Ci gaba! Wannan fa shi ne talk."

Sai da gyaɗar ta ƙare suka tashi, Turancin yana ɗingishi amma yana tafiya.

Ranar ganawa, wata malama mai tabarau ta ce Sadiya ta ba ta labarin garinsu. Sadiya ta ce suna da duwatsu, da gero, da birai masu satar masara. Sannan ta tambayi malamar ko ta taɓa hawa dutse.

Malamar ta ajiye biro, ta ce sau ɗaya, kuma da rarrafe ta sauko. Suka yi dariya, ta rubuta sunan Sadiya cikin waɗanda aka ɗauka.

Sadiya ta gane cewa talk magana ce ta mutum biyu, ka faɗi naka, ka saurari na ɗan'uwanka.